Korar Dodo ko Faɗaɗa Ra'i? Tsokaci a Kan Littafin Imre Lakatos, Proofs and Refutations

1.0 Gabatarwa

Duk wani ra'i da aka gina bisa tsararrun ƙa'idoji, a lissafi ne ko a manɗiƙi ko a fiziya ko a nazarin harshe, akwai ranar da zai yi karo da misalin da ya ƙi bin ƙa'idarsa. Abin da masu ra'in suka yi a wannan rana shi ke nuna ko ilimi suke nema ko kare martabar mazhaba. A kan wannan matsala ce Imre Lakatos ya rubuta littafinsa mai suna Proofs and Refutations, wato hujjoji da abubuwan da ke warware su. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi sharhi a kan littafin, ta nuna abin da ya gano game da faɗaɗa ra'i da kuma inda ya gaza, sannan ta auna amfaninsa ga manazarta harshe. Matsayin maƙalar shi ne, Lakatos ya fayyace yadda ake jan ma'anar kalma don a ceci ƙa'ida, amma bai ba da isasshen ma'aunin rarrabe faɗaɗawa ta gaskiya da ta dabara ba. Wani ɓangare na wannan ma'auni kuwa yana hannun mazhabar da ya rubuta littafin don ya soka.

2.0 Marubucin da Littafinsa

An haifi Lakatos a ƙasar Hungari a shekarar 1922. Ya bar ƙasar a 1956, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya koyar a Landan har rasuwarsa a 1974. Aikin ya fara fitowa kashi huɗu a wata mujallar falsafar kimiyya tsakanin 1963 da 1964, sai John Worrall da Elie Zahar suka tattara shi littafi a 1976.

An tsara littafin a matsayin muhawara a cikin aji, tsakanin malami da ɗalibai masu sunayen baƙaƙen Girkanci: Alfa, Beta, Gama, Delta da sauransu. Kowane ɗalibi yana wakiltar wani matsayi da masana lissafi suka taɓa ɗauka, ainihin tarihin kuma an zuba shi a bayanan ƙasan shafi. Abin da ake muhawara a kansa shi ne hasashen da Leonhard Euler ya yi a 1750 game da daskararrun siffofi masu fuskoki. Hasashen ya ce idan aka ƙirga tsinaye (T), aka ɗebe yawan gefuna (G), aka ƙara yawan fuskoki (F), sakamakon kullum 2 ne:

T − G + F = 2

Alal misali, akwati yana da tsini 8, gefe 12, fuska 6, wato 8 − 12 + 6 = 2. Dala mai gindi murabba'i tana da tsini 5, gefe 8, fuska 5, sakamakon dai 2 ne. Malamin ajin ya kawo hujjar da ta samo asali daga Augustin Cauchy, wadda aka buga a 1813: a ɗauka sifar ta roba ce, a cire fuska ɗaya, a shimfiɗe sauran a ƙasa, a rarraba su zuwa alwatika, sannan a riƙa cire alwatikan ɗaya bayan ɗaya ana lura da ƙirge.

3.0 Hanyoyin Fuskantar Misali Mai Warwara

Da gama hujjar sai ɗalibai suka fara kawo misalan da suka saɓa mata. Akwati mai rami a cikinsa, ramin kuma shi ma siffar akwati gare shi, yana da tsini 16, gefe 24, fuska 12, sakamakonsa 4. Firam ɗin hoto, wanda ɓuli ya ratsa tsakiyarsa, sakamakonsa 0. Wata sifa mai kama da tauraro da Johannes Kepler ya bayyana tana da tsini 12, gefe 30, fuska 12, sakamakonta −6. Misalai biyu na farko suna cikin waɗanda Simon Lhuilier ya kawo tun farkon ƙarni na 19. A nan ne ƙarfin littafin yake, domin ya rarrabe hanyoyin da ake bi idan irin wannan ta faru. Uku daga ciki su ne muhimmai.

3.1 Korar dodo. Wannan ita ce hanyar Delta. Duk misalin da aka kawo sai ya ce ai wannan dodo ne, ba ya cikin siffofin da ake nufi, sai ya sake wa kalmar ma'ana yadda misalin zai faɗa waje. A kawo wani misalin, ya sake ƙuntata ma'anar. Ƙa'idar ta tsira, amma a ƙarshe ma'anar kalmar ta koma "duk sifar da ta bi ƙa'idar Euler", abin da bai ƙara wa kowa sani ba.

3.2 Killace togaciya. A nan an yarda misalan na gaskiya ne, sai a ja da baya zuwa inda ake jin babu haɗari, a ce ƙa'idar ta shafi siffofi marasa loɓa ko rami kawai. Aibin wannan hanya shi ne ba a san dalilin da ya sa iyakar ta tsaya a nan ba, ana kuma iya barin siffofi da yawa masu bin ƙa'idar a waje. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

3.3 Binciken hujja. Ita ce hanyar da Lakatos ya fifita. A koma ga hujjar a tambaya: wane mataki ne misalin ya karya? Firam ɗin hoto ya nuna cewa hujjar ta ɗauka, ba tare da ta faɗa ba, cewa kowace sifa za ta shimfiɗu idan an cire mata fuska ɗaya. Sai a fito da wannan ɓoyayyen sharaɗi a sa shi cikin ƙa'idar. Daga nan aka kai ga ƙa'ida mafi faɗi, wadda ke cewa sakamakon yana raguwa da 2 a kan kowane ɓuli da ya ratsa sifar, har zuwa aikin Henri Poincaré a ƙarshen ƙarni na 19. Misalin da ya zo a matsayin abokin gaba ya zama ɗan gida.

Abin lura ga manazarcin ma'ana shi ne, littafin ya nuna cewa ma'anar keɓaɓɓiyar kalma ba ta riga hujja zuwa ba. Muhawara ce ke sassaƙa ta, sai bayan ƙura ta lafa a rubuta ta a farkon shafi kamar can da ma haka take. Wannan gudummawa ce babba, salon muhawara da marubucin ya zaɓa kuma ya dace da ita ƙwarai.

4.0 Inda Littafin Ya Gaza

Tun daga gabatarwarsa Lakatos ya ɗaura yaƙi da mazhabar da ke kallon lissafi a matsayin tsarin alamomi da ake tatsowa daga ginshiƙan da aka shimfiɗa tun farko. Sukarsa tana da gaskiya ta fuskar cewa wannan kallo yana ɓoye tarihin gano abu. Sai dai akwai nau'in faɗaɗawa da hanyarsa ba ta iya bayani a kai.

Na farko, akwai faɗaɗawar da ba misali mai warwara ne ke haifar da ita ba. Ginshiƙi na biyar na Euclid, mai magana a kan layukan da ba sa haɗuwa, an yi ƙarnuka ana ƙoƙarin tatso shi daga sauran ginshiƙan. Ibnul Haisam da Umar Khayyam da Nasiruddin Tusi duk sun gwada. Nikolai Lobachevsky a 1829 da János Bolyai a 1832 suka sa kishiyarsa a gurbinsa, suka sami wani tsarin, inda jimillar kusurwoyin alwatika ba ta kai digiri 180 ba. A 1868 Eugenio Beltrami ya nuna cewa idan babu tuƙa da warwara a tsarin Euclid, to babu a sabon tsarin. Ke nan tushe ɗaya ya yi rassa biyu masu saɓa wa juna, kowanne kuma lafiyayye. Haka ta faru da hasashen Georg Cantor game da matakan rashin iyaka: Kurt Gödel a 1938 ya nuna ginshiƙan da aka saba da su ba za su ƙaryata shi ba, Paul Cohen a 1963 ya nuna ba za su tabbatar da shi ba. A irin wannan hali babu dodon da za a kora ko a karɓa. Zaɓi ne, kuma manɗiƙin alamomi ne ya nuna cewa zaɓin yana nan. Tun a 1931 ma Gödel ya tabbatar da cewa duk tsarin da ke da ƙayyadaddun ginshiƙai, wanda ya ƙunshi ilimin ƙidaya kuma ba shi da tuƙa da warwara, akwai jimlar da ba zai iya yanke mata hukunci ba. A ƙara ta cikin ginshiƙai, wata ta ɓullo.

Na biyu, mazhabar da ya soka tana da ma'auni bayyananne. Tana rarrabe faɗaɗawa mai kiyaye asali, wadda ba ta tabbatar da wani sabon abu game da tsofaffin kalmomi, kamar ƙirƙiro sabon suna ga abin da aka riga aka sani, da faɗaɗawa mai ƙara hukunci, kamar ƙara sabon ginshiƙi. Tana kuma iya faɗin abin da aka yi hasara. Lokacin da William Rowan Hamilton ya faɗaɗa tsarin lambobi a 1843, sai da ya saki ƙa'idar da ke cewa sauya jerin lambobi biyu wajen ninkawa ba ya sauya sakamako. Lakatos ya ce faɗaɗawa tagari ita ce mai ƙara wa ra'i abin da ya ƙunsa, amma bai faɗi yadda za a auna ƙarin ba. Editocin littafin da kansu sun sa bayanai a wuraren da suke ganin ya rage wa tsararriyar hujja daraja.

Na uku, littafin ya dogara ne ƙwarai a kan misali ɗaya daga zamanin da kalmomin fannin ba su zauna ba, ya kuma jera tarihin yadda zai dace da darasinsa. Ma'aunin da ya fi ƙarfi sai a aikinsa na 1970 a kan kimiyya ya fito da shi, inda ya ce gyara nagari shi ne mai hango abin da ba a riga an gani ba. Tarihin fiziya ya gaskata haka. Da tafiyar duniyar Yuranus ta saɓa wa lissafin Newton, Urbain Le Verrier ya ƙaddara akwai wata duniyar da ba a gani ba, aka kuwa ga Naftun a 1846 kusa da inda ya nuna. Da ya maimaita dabarar a 1859 game da duniyar Makyuri, ba a ga komai ba, har sai da Albert Einstein ya sauya tushen ra'in a 1915. Dabara ɗaya ce, ta ci a karo na farko, ta faɗi a na biyu.

5.0 Darasi ga Nazarin Harshe

Masana harshe ba baƙi ba ne ga wannan matsala. Bayan Noam Chomsky ya fito da tsarin nahawunsa na 1965, Stanley Peters da Robert Ritchie sun tabbatar a 1973 cewa dokokin rikiɗa, yadda aka tsara su, suna iya samar da duk wani jerin jimloli da na'urar lissafi za ta iya zayyanawa. Wato ra'in ya yi faɗin da bai hana komai ba, ra'in da bai hana komai ba kuwa bai faɗi komai game da harshen ɗan'adam ba. Tsararriyar hujja ce ta fito da wannan ciwo fili, aikin shekarun da suka biyo baya kuma ya karkata ga ƙuntata dokokin.

A nazarin Hausa ma akwai misali. Leben (1971) ya kawo dokar da ke cewa idan kalma ta ƙare da gaɓa biyu masu karin ƙasa, wasalin ƙarshe kuma dogo ne, sai karin gaɓar ƙarshe ya koma sama. Da ita ya bayyana bambancin karàntà mai gajeren wasali, kafin karɓau suna, da karàntaa mai dogon wasali. Newman da Jaggar (1989) sun kawo kalmomin da suka saɓa wa dokar, ciki har da amsa-kama da ararrun kalmomi irin su firamare. Schuh (1989) ya kare dokar. Tambayar da ke ƙarƙashin muhawarar ita ce ta ajin Lakatos: cire amsa-kama da ararrun kalmomi daga hukuncin doka korar dodo ne ko gano iyaka ta gaskiya? Amsar ta dogara ga abu ɗaya. Idan akwai dalili mai zaman kansa, wato waɗannan rukunoni suna saɓa wa wasu dokokin tsarin sauti daban, to iyakar halattacciya ce. Idan kuwa saɓa wa wannan doka kaɗai ya sa aka ware su, to hanyar Delta aka bi.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa Proofs and Refutations littafi ne da ya cancanci karatu ga duk mai kafa doka a kan bayanan harshe, domin yana koya wa mai nazari ya gane lokacin da yake sauya ma'anar kalma don gudun kunya. Amma bai wadatar shi kaɗai ba. Kafin a karɓi kowace faɗaɗawa ya kamata a yi tambaya uku: me ta riƙe daga tsohon ra'i, me kuma ta saki? Ta shigo da tuƙa da warwara? Bayan an yi ta, akwai sauran abin da ra'in ya hana, wanda za a iya fita a bincika? Lakatos ya taimaka ƙwarai wajen ta farko, ya taɓo ta uku, ta biyu kuwa sai an koma ga waɗanda ya soka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, muddin mai gyaran ya faɗi abin da ya cire da abin da ya ƙara.