Majami'ar Yamusukuro: Roma a Ƙasar Bawule

Matafiyin da ya taso daga Yamai zuwa Abijan ta hanyar Burkina, idan mota ta wuce Buwake ta doshi kudu, kafin ya shiga Yamusukuro zai hango wata ƙubba ta zarce dukan itatuwa. Ita ce majami'ar Maryamu Uwar Salama, wadda shugaba Ufuwe Bwanyi na Kwadibuwa ya gina a mahaifarsa. An aza harsashinta a 1985, aka gama aiki a 1989, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya keɓe ta ga Allah ran 10 ga Satumba, 1990.

Ba mai musun gwanintar aikin. Tsayinta har kan gicciye mita 158 ne, ta ɗara majami'ar Bitrus Mai Tsarki ta Roma. Mutum 7,000 na samun wurin zama a ciki, wasu 11,000 kuma a tsaye. Amma abin da ya fi kama ido shi ne tagogin. Mai zanen ginin, Piyer Fakuri, ya mai da bangon kusan duka gilashi mai launi, saboda haka da hantsi haske yakan zubo shuɗi da ja har bisa kujeru. A nan ya fahimci ranar Afirka sosai, ya kuwa yi aiki da ita. Majami'un Turai da yawa duhu ne a cikinsu. Wannan haske ne daga ƙasa har sama.

To, amma ginin na wace ƙasa ne? Ƙubbar ta Roma ce. Ginshiƙan da suka buɗe hannu biyu a farfajiya kwaikwayon dandalin Bitrus ne. Dutsen marmara daga Italiya ya zo, gilashin daga Faransa. Bawule kuwa mutane ne da duniya ta san su da sassaƙa da saƙa da aikin zinariya, amma mai ziyara zai gaji da neman hannunsu a jikin bangon. A cikin hotunan tagogi, baƙar fatar da kowa ke nunawa ita ce ta shugaban kansa, durƙushe kusa da Yesu a hoton shigarsa Urushalima. Ɗan ƙauyen da ya zo sujada zai iya ɗauka cewa mulkin sama na Turawa ne da shugabanni. Wanda ya ga babbar majami'ar Bulus Mai Tsarki ta Abijan, wadda aka keɓe a 1985, ya san ana iya yin dabam: can tagogi cike suke da mutanen ƙasa da dabbobinta, ko da yake mai zanenta Ba'italiye ne.

Kewayen majami'ar ma yana da abin faɗi. Garin asalinsa ƙauye ne mai suna Ngokuro, aka sāke masa suna don tunawa da sarauniya Yamuso, kakar shugaban ta wajen dangi. A 1983 aka mai da shi babban birni. Ga fadar shugaba da tafkin kadoji, ga otel ɗin Président, ga manyan makarantun fasaha, ga tituna masu faɗi da ke ƙarewa cikin daji. Majami'ar ta shiga wannan jeri daidai, kamar ɗaya daga kayan adon sarki. Tana gefen gari, ba a cikin unguwa ba, ba kuma ita ce kujerar bishop ba. Wannan tana majami'ar Agustin Mai Tsarki. In ba ranar babban idi ko taron masu ziyarar ibada ba, yawancin kujerun nan 7,000 wayam suke. Ba nisa kuma akwai Kosu, inda madatsar ruwa ta kogin Bandama ta ta da dubban Bawule daga ƙauyukansu a farkon shekarun 1970.

Sai maganar kuɗi, wadda ba ta rabuwa da ginin. Shugaban ya ce daga aljihunsa ya biya. Ƙiyasin da aka fi ambata dala miliyan 300 ne na Amurka. Ana cikin ginin, a 1987, ƙasar ta dakatar da biyan bashinta na waje. A 1989 aka rage kuɗin da ake biyan manomin koko daga sefa 400 zuwa 200 a kilo. Manoman nan su ne mazauna ƙauyukan da ke hango ƙubbar daga gonakinsu.

Paparoma bai karɓi kyautar hakanan ba. Ya nemi a gina asibiti kusa da ita, ya kuma sa albarka ga dutsen harsashinsa a 1990. Ufuwe Bwanyi ya rasu ran 7 ga Disamba, 1993, aka yi masa sujadar jana'iza a cikin majami'ar a Fabrairu 1994, bai ga asibitin ba. Ginin majami'ar bai wuce shekara 4 ba. Asibitin Yusufu Moskati kuwa sai a 2015 aka buɗe shi.