Robar motsa jiki ta shigo, amma nauyin jikinka ya riga ta

Tun da bidiyoyin motsa jiki suka cika TikTok da Facebook, wata roba mai launi-launi ta fara bayyana a ɗakunan samari a Jega da Aliero. Na fi ganin ta wurin ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, sai matasan 'yan kasuwa da zaman shago ya fara ajiye musu tumbi. A taka ta da ƙafa ko a maƙala ta a ƙofa, a ja, a saki. Har ta kai wasu na ganin wanda bai saya ba kamar bai fara komai ba, kuma nan ne ban yarda ba.

A ganina duk mai son ƙarfafa jikinsa a gida ya fara da nauyin da Allah ya ɗora masa. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla sau 2 a mako, ban da minti 150 na motsi matsakaici irin tafiya da sauri. Ba ta ɗaure kowa da wani kaya ba. Tabarma ta isa. Ka kife, ka dafa ƙasa, ka ɗaga jikinka ka sauke: ƙirji da kafaɗu da damatsa sun samu rabonsu. Ka tsugunna ka tashi, cinyoyi sun samu nasu. In ya yi sauƙi, ka ɗora ƙafafu a kan benci, ko ka tsugunna da ƙafa ɗaya. In ya yi tsauri, ka dafa bango a tsaye, sannu a hankali har ka sauko ƙasa. 'Yan kokawa da 'yan damben ƙasar Kabi ba su san wata roba ba, kuma ba wanda ya taɓa raina ƙwanjinsu.

Amma akwai wurin da nauyin jiki ke gazawa, wato ja. Yawancin abin da mutum zai yi a tsakar ɗaki turawa ne, tsokar baya kuwa sai da ja take ginuwa. Yaron Maiyama da ke jan guga a rijiya safe da yamma, ko mai lodin buhunan albasa a Aliero, aikinsa ya riga ya biya masa wannan bukata. Ɗalibi ko tela da ke wuni a duƙe ba shi da irin wannan aiki, shi ya sa kafaɗunsa ke rankwafowa gaba. In ba shi da ƙarfe ko reshen dogon yaro mai ƙwari da zai rataya, to roba ce mafita: ya zauna ya miƙe ƙafafu, ya zagaya ta a tafin ƙafa, ya jawo gwiwar hannu baya har allunan kafaɗa su matso juna.

Robar ma asalinta daga wurin masu gashin ƙashi da gyaran gaɓoɓi ta bazu, shi ya sa kamfani irin TheraBand ya jera ta launi-launi, rawaya mai laushi, ja, koriya, shuɗiya, har baƙa mai tauri. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Aliero ta yi suna da masu ɗori, daga nesa ake kawo mata masu karaya. Ƙashi na haɗewa, amma hannun da ya yi makonni a ɗaure yakan fito a rame, ba ya iya ɗaukar nauyin mai shi. Irin wannan hannun roba mai laushi yake so, bayan mai duba shi ya ba da izini. Haka dattijo mai ciwon gwiwa, haka uwargida mai jiki da tsugunno ke yi wa wuya, wadda za ta iya yin nata a ɗaka ba tare da ta fita ko'ina ba. Su ne suka fi cancanta da ita, kuma su ne ba a tallata wa.

Abu ɗaya ke damuna ƙwarai. Zafin Maris da Afrilu a nan yana haura digiri 40, roba kuwa ba ta shiri da rana. Wadda aka rataye a taga ko ƙarƙashin kwano takan bushe ta tsattsage, ranar da ta tsinke kuma fuska take nufa, har ido tana iya illatawa. Kafin kowane ja, a miƙa ta a haske a duba ko ta fara tsagewa, a ajiye ta cikin jaka a inuwa. Masu yanko irin robar da 'yan kabu-kabu ke ɗaure kaya da ita su ƙara kula, don ba a san iyakar ƙarfinta ba. Kada a ja ta saitin fuska, kada kuma a bar yara su yi wasa da ita.