Yarinyar Da Ta Ƙi Tuwo

Cikin shekarar 1988 wata mata 'yar ƙasar Zimbabuwe, Tsitsi Dangarembga, ta wallafa littafin hikaya da Turanci mai suna Nervous Conditions. Labarin 'yan mata biyu ne, Tambu da Nyasha, 'ya'yan wa da ƙane, a zamanin da ƙasar take hannun Turawa ana ce da ita Rodeshiya.

Tambu 'yar ƙauye ce, ta tashi cikin talauci, ilmi take nema ido rufe. Nyasha kuwa 'yar shugaban makarantar mishan ce. Ta yi ƙuruciya a Ingila, ta komo ba ta zama Baturiya ba, ladabin gida kuma ya kuɓuce mata. Ɗaki ɗaya suke kwana, suna ƙaunar juna, amma kowace tana hangen abin da ke hannun 'yar'uwarta.

Gwanintar mai littafin ita ce yadda ta mai da akushi fagen fama. Uba ya ce lalle sai Nyasha ta cinye abin da aka zuba mata. Ta cinye, ta kewaya ta amayar, gama cikinta kaɗai ya rage mata inda take da iko. Da haka ta rame har ta zama abin tausayi. Da aka kai ta Salisbari, watau Harare ta yau, likitan ƙwaƙwalwa na farko ya ce wai baƙar fata ba ya irin wannan ciwo. Na biyu ne ya karɓe ta ya kwantar.

Inda littafin ya gaza shi ne, jinyar 'yan shafuka kaɗan aka ba ta, mai karatu bai ga yadda magani ya ci ba. Amma ya faɗi gaskiya mai ɗaci game da zumunci: da Tambu ta sami babbar makaranta, karatu ya ɗauke mata hankali, wasiƙun Nyasha suka riƙa zuwa ba amsa.

To, wannan labari ba baƙo ba ne ga mutanen birnin Kano. A Yakasai ko Mandawari, in budurwa ta ƙi abinci sai a ce iska ce, ko sammu, ko kuwa so. A sha rubutu, a yi hayaƙi, da wuya a sami mai zama ya tambaye ta abin da ke cin ranta, ga kuwa asibitin Dawanau ba nisa. Marubutanmu mata, irin su Balaraba Ramat Yakubu, sun tona asirin auren dole da kishi. Saura su duba kwanon da aka mayar madafa ba a taɓa ba, domin ciwon da ba a san sunansa ba, ba a nema masa magani.