Tsarin Karatun Malaman Boko a Zamanin Turawa

Wanda ya bi hanyar Gaskiya daga Tudun Wadar Zariya zai tarar da Kwalejin Barewa. Asalinta Katsina ne, inda aka fara karatu a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922 don horad da malamai. Ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949. Ya kamata a duba irin karatun da aka tsara mata tun farko, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shekara biyar ɗalibi yake yi. Ana koya masa Turanci, da lissafi, da tarihi, da labarin ƙasa, da dabarun koyarwa, da yamma kuwa a fita wasanni. Amma Turanci shi ne sarki, har yadda za a furta kowace kalma sai an gyara wa yaro. Gwamna kuma ya nemi malaman su zama abin koyi wajen ladabi da girmama sarakuna.

Ba a musun amfanin wannan. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam duk can suka yi karatu, suka fito suka koyar a makarantun Midil. Imam kuwa ya zo Zariya wurin Dokta East, ya rubuta Magana Jari Ce, ya riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939.

Amma fa tsarin yana da aibi uku. Na farko, ƙofar ta yi ƙunci. An ɗebi yara kaɗan gwargwadon bukatar En'e, ba gwargwadon yawan jama'a ba. Na biyu, an raba malamai gida biyu: masu Turanci su tafi Midil, waɗanda aka horar da Hausa su tafi Elementare, darajarsu da albashinsu ƙasa da na 'yan'uwansu. Watau wanda yake aza harsashi shi aka fi rainawa. Na uku, malaman allo da na zaure, waɗanda suke da almajirai a kowace unguwa, ba a nemi yawancinsu an ƙara musu boko bisa ilminsu ba, ko da yake Ɗan Hausa ya gwada haka a Nasarawa ta Kano a 1909. An manta da tsohuwar zuma ake magani. Mata kuwa sai a 1939 aka buɗe musu wurin horo a Sakkwato.

Ruwa ba ya tsami banza. Wannan ƙarancin malamai yana cikin dalilan da suka sa magidanci mai furfura ya zauna ajin Yaƙi da Jahilci yana koyon baƙi da wasali. Ba laifinsa ba ne, ba a aiko wa ƙauyensu malami ba sa'ad da yake yaro.

Saboda haka wanda ya sami takardar shaida kada ya naɗe ta ya ajiye. Ya kai 'ya'yansa makaranta, maza da mata, ya kuma girmama malamin ƙaramin aji. Allah ya sa mu dace.