Farantin Talla Da Allon Makaranta

Na ji ana ta maganar a wajabta koyar da yara sarrafa kuɗi tun daga firamare, har Babban Bankin Najeriya da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa sun shirya manhaja a kan haka. Ni dai ina goyon baya, amma fa ina da ƙorafi.

Masu cewa wai zancen kuɗi zai buɗe wa yaro ido, don Allah su leƙo Garun Malam. Tunda aka gama dam ɗin Tiga a 1974 ruwa ya sauko Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya zauna, kuɗi suke yawo a hannun yara. Ki je kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, za ki ga 'yar shekara tara da farantin talla tana sayar wa masu lodi abinci, tana ba da canji ba kuskure. Ido kam ya riga ya buɗe. Abin da ba a koya mata ba shi ne bambancin uwar kuɗi da riba. Kuma da yawansu daga aji shida karatun ya tsaya, in an ce sai sakandare to an bar su ke nan.

Wata ƙawata tana turara shinkafa ta sayar. Wata uku jari ya ƙare, ta zo tana kuka wai sammu aka yi mata. Muka zauna da biro a bayan littafin da nake rubutu. Ashe ba ta taɓa sa kuɗin itace da na inji da na dako a lissafi ba, ga mudu biyu da take ɗiba kullum ta girka wa gida. Haba, ina sammu a nan? Ta yi firamare fa, ta iya tarawa da ɗebewa sarai.

Tsorona kada darasin ya zama hadda da Turanci, a biya wa yara ma'anar banki da inshora, su rubuta a jarrabawa su manta. Da Hausa nake so a tambayi yarinya, me ya sa kwandon tumatir yake arha da rani ya yi tsada da damina, kuma nawa za ta samu in ta yanka ta shanya? In mutum goma suna zubin adashi, wa ya fi ƙaruwa, mai kwasar fari ko ta ƙarshe? A ba su labarin 2016, shekarar da tsutsa ta cinye tumatir ta bar manoma da bashi, don su san dalilin ajiya. A ba su na 2023, lokacin canjin kuɗi, da mata suka kasa cefane saboda ba takardar Naira a hannu.

Sannan a fara koya wa malamin kansa, don na san malaman da albashinsu ba ya ganin tsakiyar wata.