Al'umma a Siffar Jiki: Nazari Daga Ƙasar Madarumfa

Bahaushe ba ya faɗin zumunta sai ya ambaci jiki. Ɗan'uwa shi ne wanda aka fito ciki ɗaya da shi, dangi jini ɗaya ne, garin mutum kuwa shi ne inda aka binne cibiyarsa. A wajen Anna na kwarin Maraɗi, waɗanda Guy Nicolas ya yi nazarinsu, zanen fuska shi ke shaida zuri'ar mutum. Ke nan an rubuta al'umma a kan fata, kuma ƙofar shigarta haihuwa ce.

Littafi Mai Tsarki, wanda fassararsa ta Hausa ta fito a 1932, ya zo da kamance makamancin wannan. A wasiƙarsa ta fari ga Korintiyawa, Bulus ya siffanta ikilisiya da jiki ɗaya mai gaɓoɓi da yawa, inda gaɓa mai rauni take da daraja. Musulmi ma sun san hadisin da ya kamanta muminai da jikin da ciwon sashe guda ke hana shi barci.

Sai dai jikin Bulus da baftisma ake shigarsa. Yana karɓar baƙo, amma yakan raba sabon mai bi da gidan ubansa, har dangi su ɗauke shi gaɓar da ta yanke kanta. Jikin dangi kuwa yana riƙe nasa ƙam, ya bar bare a waje.

Kuturu ne ya gwada kamancen biyu. An ware shi daga jama'a, har aka yi masa sarkinsa daban. Asibitin kutare na Danja, wanda mishan SIM ta kafa a shekarun 1950 a yankin Madarumfa, ya ba shi magani da matsuguni, amma shi ma a gefen gari. Tarzomar Maraɗi ta Nuwamba 2000, wadda aka kai wa majami'u hari a cikinta, ta nuna cewa kowane ɓangare yana iya cewa "jiki ɗaya" alhali nasa kaɗai yake nufi.

Saboda haka, malamin da ke koyar da wannan kamance ya kamata ya tambayi ɗalibansa: wa aka ƙirga cikin jikin, wa kuma aka bari? Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Maƙwabcin da ba a taka an gaishe shi ba, ba a ɗauke shi gaɓa ba tukuna.