Inci 16 tsakani: abin da kafinta ke koya wa ɗan sakandare a Amurka

Mafi yawan gidajen zama a Amurka ba da bulo ake gina su ba. Katako ake jerawa a tsaye, a ɗinke shi da ƙusa, a lulluɓe waje da filawud, a rufe ciki da allunan jifsam, sannan fenti ya biyo baya. Kafinta a can ke riƙe da matsayin da magini ke riƙe da shi a wurinmu, in ya karkace gida ya karkace. Kuma akwai masu wannan sana'a da tun suna sakandare suka fara riƙe guduma a wurin gini na gaske, har ana biyan su.

A makarantar fasaha ta Worcester da ke jihar Massachusetts, wadda Shugaba Obama ya halarci bikin yaye ɗalibanta a 2014, mako guda ake yi a aji ana lissafi da Turanci, mako na biye a shagon sana'a. Ɗan aji 9 yakan zagaya shaguna ya ɗanɗana aikin kafinta, wayarin da aikin famfo kafin ya tsaya a kan guda. Idan ya kai shekara 16, karatunsa da halinsa suka gamsar, daga tsakiyar aji 11 ana iya tura shi wurin ɗan kwangila ya riƙa yin makon shagonsa a can. Tsarin ba na jiya ba ne: tun 1917 dokar Smith-Hughes ta sa gwamnatin tarayya ta fara zuba kuɗi a koyar da sana'a a sakandare, yau kuma dokar Perkins, wadda aka sabunta a 2018, ke ɗauke da nauyin.

Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne wanda ake yi kafin a buga ƙusa ko ɗaya, wato fitar da awo. Gwanin kafinta zai kwantar da katako biyu gefe da gefe, ɗaya na ƙasan bango, ɗaya na samansa, ya maƙala tef a baki, ya zaro fensir daga bayan kunne. Ginshiƙan da za su tsaya tsakaninsu, irin katakon nan da 'yan kasuwar katako ke kira tubaifo, ana jera su ne inci 16 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Dalili shi ne filawud faɗinsa inci 48 ne, tsawonsa 96, kuma 16 na shiga 48 sau 3, tana shiga 96 sau 6. Ko a tsaye ka ɗora allon ko a kwance, bakinsa zai faɗa kan katako. Har masu ƙera tef sukan sa jan launi a kan 16, 32, 48, don kada ido ya sha wahala.

To, a nan ɗan koyo ke faɗawa rami. Yana ganin jan 16 sai ya ja layi a kai ya aza gefen ginshiƙi. Maigidan sai ya ce, “Yaro, dawo baya.” Tubaifo bayan an goge shi kaurinsa inci ɗaya da rabi ne, ba biyu ba. Don tsakiyarsa ta zauna a kan 16, dole layin ya koma baya da kashi uku cikin huɗu na inci: 15¼, 31¼, 47¼, a sa alamar gicciye a gefen da katakon zai zauna. Da haka allo biyu na filawud za su haɗu a bayan ginshiƙi guda, kowanne ya sami rabonsa na ƙusa. Wanda ya manta da wannan ɗan gutsuren inci zai ga allon farko ya ƙare a bakin katako babu wurin riƙo, kuma kuskuren zai bi shi har ƙarshen bango.

Ana iya koyar da wannan lissafi a kan allo. Abin da aji ba ya bayarwa shi ne halin katakon kansa. A littafi kowane layi miƙaƙƙe ne, amma itacen da mota ta sauke ya sha ruwa ya sha rana, wani ya yi doro, wani ya murɗe. Kafinta yakan ɗaga kowane ɗaya zuwa ido, ya leƙa tsawonsa daga wannan baki zuwa wancan, ya gano gefen da doron yake, ya sa masa alama. Duk doron gefe ɗaya za a juya shi, in ba haka ba bangon ya riƙa shiga da fita, ranar da za a kafa kabad ɗin kicin asiri ya tonu. Mafi miƙewa a ware su don ƙofa da kusurwa, murɗaɗɗu a yanka su gajeru a yi tokara da su. Gani ya kori ji. Sai yaro ya leƙa katako mai yawa, wani na tsaye a kansa yana cewa “sake dubawa”, kafin idonsa ya buɗe.

Sai daidaita kusurwa. A auna ƙafa 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, in tsakanin alamomin biyu ya ba da 5 cif, kusurwa ta zauna. Maginanmu ma da wannan suke fitar da harsashi da igiya da turaku. Bangon kuwa a kwance ake haɗa shi a ƙasa, a ja tef daga wannan kusurwa zuwa kishiyarta, a sake ja ta ɗaya ɓangaren, a riƙa bugun gefe da guduma har awon biyu su zo ɗaya. Sannan a taru a ɗaga, a ɗora lebur, a tokare.

Doka ba ta sakar wa yaran nan komai ba. Dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 da ƙa'idojin da ke ƙarƙashinta sun hana wanda bai kai 18 ba aikin rufi, haƙa rami mai zurfi da amfani da zarton lantarki. An yi sassauci ga ɗalibi mai shekara 16 ko 17 da ke cikin tsarin makaranta, bisa yarjejeniya a rubuce, na ɗan lokaci kaɗan, kuma ƙwararre na tsaye kusa. Aikin rusau kam babu sassauci. Makarantu da yawa sukan sa ɗalibi ya yi kwas ɗin kiyaye haɗari na awa 10 na hukumar OSHA kafin ya sa hular kwano. A ganina takurar ta yi wa sana'ar rana, domin yaron da aka taƙaita masa zarto yakan daɗe da tef da fensir a hannu, kuma can ne gwanintar take.

A wurin ginin ne kuma yake gane cewa ba don kansa yake aiki ba. Yana gamawa mai wayarin zai zo ya huda ginshiƙan, kuma ƙa'idar lantarki ta ce rami ya nisanci bakin katako da inci 1¼, ko a rufe wurin da ɗan faifan ƙarfe don kada ƙusa ta huda waya gobe. Mai famfo na neman hanyar bututu, kuma yana fatan kada ya tarar da katako daidai inda magudanar bayi za ta sauka. Sufeton gini zai zo ya duba komai tun bango na tsirara, sai ya sa hannu a rufe. Ɗalibin da ya gama sakandare da irin wannan ido yakan wuce zuwa koyon sana'a mai rajista, wanda ga kafinta yakan ɗauki kusan shekara 4, ana aiki ana karatu, lada na ƙaruwa mataki mataki, har ranar da za a miƙa masa zanen gida da fensir a ce ya fitar da awon da kansa.